Ƙararrawar Get: Mai Waya Ko Marar Waya?

Tambaya: Assalamu alaikum Injiniya. Mun tare a sabon gida, get ɗinmu na ƙarfe ne, ga nisa da falo. Baƙo sai ya gaji da bugu kafin mu ji. Maigida ya ce a sa ƙararrawa. Yaya take aiki, kuma wacce za mu saya? Daga wata uwargida a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya sa alheri a sabon gida.

Mai waya abu uku ce: maɓallin da ake dannawa a bakin get, akwatin da ke ƙara a cikin gida, sai ƙaramar taransfoma mai rage wutar NEPA daga bolt 230 zuwa kamar 8 ko 12. A cikin akwatin akwai waya da aka nannaɗe, da ɗan sandan ƙarfe a tsakiyarta. Da an danna, wuta ta zagaya, naɗin ya zama maganaɗisu, ya fizgi sandan ya doki wani fallen ƙarfe. An saki maɓalli, sifirin ya mayar da sandan ya doki falle na biyu. Shi ya sa kike jin ƙara biyu, ta biyun ba ta fita sai baƙo ya ɗauke yatsa.

Haɗin ba wuya. A kashe wutar gidan tukuna. Waya ɗaya daga taransfoma zuwa akwatin, ɗaya zuwa maɓalli, sannan daga maɓalli a dawo akwatin. Wadda za ta bi tsakar gida a zura ta cikin bututun roba kafin a binne.

Inda nake faɗa da wasu masu wayarin shi ne jan wuta 230 kai tsaye zuwa maɓallin get, don akwai ƙararrawa a kasuwa da ake haɗawa haka. Ga get na ƙarfe, ga ruwan damina, ga yara 'yan makarantar allo da jiƙaƙƙen hannu. Ni ba na yi, ko nawa za a biya ni.

Marar waya kuwa, maɓallinta na da ɗan batir, yana aika saƙon rediyo zuwa akwatin. Mintoci kaɗan an gama. Sai dai ƙarfe yana tare saƙon, don haka kada a manna maɓallin a jikin get. A kafa shi a katanga, ko a sa masa katako a baya. Nisan da aka rubuta a kwali kuma na fili ne, kowane bango sai ya rage shi.

Shawarata, ku sayi marar waya wadda akwatinta ma batir yake ci. Ta soket, da an ɗauke wuta kun koma bugun get. Kafin a huda bango, ki zauna a kicin, wani ya danna daga waje, ki tabbatar kina ji.