Shayin ganyen fayin ko kwalba da nono?

Tambaya: Malam, ni direban babbar mota ne, nakan kwana a daji tsakanin Agadas da Zinder. Na ga ana tallar shayin ganyen bishiyar fayin (pine, mai ganye kamar allura) a intanet, wai yana cike da bitamin C. In saya?

Amsa: Ɗan'uwa, riƙe kuɗinka. Labarin da masu tallar ke jingina da shi gaskiya ne. A hunturun 1535 zuwa 1536, matuƙin jirgin ruwan Faransa Jacques Cartier ya maƙale da mutanensa a Kwibek ta Kanada, rashin bitamin C ya kumbura musu dasashi, haƙora suka yi girgiɗi, mutum 25 suka mutu. Mutanen ƙasar ne suka nuna musu dafa ganye da ɓawon wata bishiya da ba ta kaɗe ganye, sauran suka warke. Amma ɗanyen ganye suka tsinka a wurin. Wanda aka busar, ya yi watanni a leda kafin ya iso Nijar, bitamin ɗin ya tsere, ƙamshi kawai za ka saya.

Kai da kake ƙasar kuka! Garin 'ya'yan kuka ya fi lemo bitamin C nesa ba kusa ba, kuma ba ya lalacewa da wuri a cikin mota. Ka jiƙa shi da ruwan sanyi, a yi kwalba da nono, kar ka tafasa, zafi na cinye bitamin ɗin. Ka haɗa da tsamiya da magarya a jaka.

Tambaya: Ina ganin anza a kasuwa da araha. In sayi buhu in ajiye wa yara?

Amsa: 'Yar'uwa, anza ta rufa wa gidaje da yawa asiri a yunwar 2005 a Nijar, amma ɗanyarta guba ce. Sai an jiƙa ta kwanaki ana sauya ruwa har ɗacin ya fita. In za ki saya, nemi wadda aka riga aka wanke, ki ɗanɗana a gaban mai ita. Ni dai don yara, na fi son ki sa kuɗin a busasshen zogale da tafasa da yaɗiya, a kwaɗa da ƙuli-ƙuli. Ki kuma ja musu kunne kan zaƙami da 'ya'yan zurma da ke tsirowa bayan gida.