Turmin Ƙirya: Ya Cancanci Kuɗinsa?

Tambaya: Ina haɗa wa 'yata kayan ɗaki, sai masassaƙi a kasuwarmu ya sa wa turmin ƙirya kuɗin da ya kusa ninka na sauran. Me ya bambanta shi, kuma yaya zan gane ba a sayar mini da wani icen da sunan ƙirya ba? Daga wata uwa a Zuru, Jihar Kebbi.

Amsa: Hajiya, Allah ya sanya alheri. Masassaƙin bai zalunce ki ba, domin ƙirya, wadda masana tsirrai suka fi sani da Prosopis africana, tana cikin itatuwa mafiya tauri da nauyi a dazuzzukanmu. Busasshen gungumenta mai mita ɗaya a tsawo da faɗi da kauri yakan haura kilo 900, wato ya kusa nauyin ruwa mai yawan haka. Wannan tauri ne yake dakushe gizago da gatari, har masassaƙi ya yi ta komawa kan dutsen wasawa kafin ya rarake turmi guda, kafinta kuwa sai ya fara huda ta kafin ƙusa ta shiga. Ladan wannan wahala kike biya, kuma a ganina ya cancanta, saboda gara ba ta cika samun sa'ar jan cikin ƙirya ba, taɓarya kuma ba ta saurin cinye gindin turmin, shi ya sa ake samun wanda uwa ta daka a cikinsa, 'ya ta gada.

Wajen ganewa, ki fara da ɗagawa: idan kika ɗauke shi da hannu ɗaya ba tare da nishi ba, ki ajiye. Sannan ki sa a ɗan kankare gindinsa da wuƙa, domin akan shafa wa turmi mai ko launi ya yi duhu. Cikin ƙirya ja ne mai duhu har can ciki, ɓangaren da ke kusa da ɓawo kuwa fari-fari ne, kuma shi ne ƙwari ke fara ci, don haka ki guji turmin da fari ya yi masa yawa. Ki duba baki da gindi da kyau ko akwai tsaga, ki kuma tambaya ko icen ya bushe kafin a sassaƙa, domin ɗanye yakan dare idan hunturu ya buga shi. In kin kai gida, a ajiye shi a inuwa, kada a bar ruwa ya kwana a ciki.

Akwai dalili na biyu na tsadar, wanda yake damuna ƙwarai. Maƙera sun daɗe da sanin gawayin ƙirya ya fi riƙe wuta, yanzu kuma masu gawayin sayarwa suna bin ta suna sarewa, alhali itaciya ce mai jinkirin girma, wadda dabbobi ke cin 'ya'yanta, ake kuma yin daddawa da ƙwayarta. Gungumen da zai isa turmi sai an nausa daji kafin a same shi, kuɗin ɗauko shi ma yana cikin abin da masassaƙin ya faɗa miki.