Ƙaramar na'ura mai ido biyar a saman tsohuwar kyamara

Tambaya: Daga Garwa nake rubutowa. Cikin akwatin marigayi mahaifina, wanda ya yi sana'ar hoto, na tarar da kyamarar Zorki da wani ɗan ƙarfe mai gilasai biyar yana juyawa kamar cikin libarba. Shi ma hoto yake ɗauka?

Amsa: Allah Ya jiƙan Baba, Ya sa ya huta. Ɗan'uwa, ba ya ɗaukar hoto. Tagar leƙe ce, ana zura ta a mazaunin da ke saman kyamara.

Zorki kwaikwayon kyamarar Jamus ce mai suna Leica II ta 1932, kuma masana'antar KMZ ta Tarayyar Sobiyat ta fara ƙera ta a 1948. Ɗan ramin leƙen da ke jikin irin waɗannan kyamarori gilashin ɗaukar hoto guda ɗaya ya sani, mai milimita 50. Ka ɗaura wa kyamarar wani gilashin, kamar Jupiter-12 mai milimita 35 ko Jupiter-11 mai 135, abin da idonka ke gani daban, abin da ke shiga fim daban. Shi ya sa aka yi wannan taga. Duba lambobin jikinta: 2.8, 3.5, 5, 8.5 da 13.5, a santimita ke nan, wato 3.5 ita ce ta gilashi mai milimita 35. Gilashin da ka ɗaura, lambarsa za ka juyo. Saita kaifin hoto kuwa yana nan a ramin kyamarar, sai ka gama ka ɗaga ido sama ka daidaita iyakar hoton.

Inda mutane ke shan kashi shi ne tazara. Tagar tana zaune sama da gilashin kyamarar, don haka ba daga wuri ɗaya suke kallo ba. In gadar Binuwai kake ɗauka daga nesa, babu matsala. Amma ka tsayar da amarya a mita ɗaya da rabi, ka manta alamomin tazara da ke jikin tagar, sai a wanke hoto ka ga ɗankwalin ya yanke. Na taɓa ɓata rabin fim a wani biki saboda wannan mantuwa, har yau abin na yi mini ciwo.

Ina roƙonka kada ka goge ta da bakin riga. Ƙurar hunturu tana karce gilashi, a hura ta tukuna sannan a shafa da tattausan ƙyalle. In ka leƙa ka ga hazo ko zare-zare kamar saƙar gizo, danshin damina ne ya haifar da fumfuna. Kada ka kwance ta da kanka, akwai ƙananan gilasai a ciki da ke wuyar mayarwa. Ka fitar da ita daga jakar fata, ka ajiye inda iska ke ratsawa.