Daga Pokhara zuwa Jomsom: Tafiyar Minti Ashirin da Ke Buƙatar Sammako

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ɗalibi ne a Indiya, kuma ina shirin zuwa Nepal a hutu mai zuwa. Ina so in san nisan da ke tsakanin filin jirgin Pokhara da na Jomsom, da tsawon lokacin da jirgi yake ɗauka, sannan me ya sa duk tikitin da na gani na safiya ne?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Idan aka ja layi miƙaƙƙe a kan taswira, tsakanin filayen biyu kimanin kilomita 70 ne, jirgi kuma yana cin wajen minti 20 zuwa 25. Amma ta mota hanyar ta haura kilomita 150, kuma saboda hawa da gangara da lalacewar wasu wurare, takan cinye yini guda.

Abin da taswira ba za ta nuna maka ba shi ne hawan da ke cikin tafiyar. Pokhara tana kan tudu mai kimanin mita 800 sama da teku, Jomsom kuwa ta haura mita 2,700, don haka cikin 'yan mintuna jirgin yana hawa kusan mita 2,000. Ba ya tsallake tsaunuka ta sama, sai dai ya bi kwarin kogin Kali Gandaki, tsakanin Dhaulagiri mai tsayin mita 8,167 da Annapurna mai mita 8,091. Wanda ya zauna kusa da taga yana ganin dusar ƙanƙara a kan duwatsun da suka fi jirgin tsayi, da ƙananan gonaki a liƙe da gangare. Jiragen ƙanana ne masu farfela, irin su Twin Otter da Dornier 228, masu kujerun fasinja kimanin 19, domin titin saukar Jomsom bai kai kilomita ɗaya ba.

Dalilin sammakon kuwa iska ce. Da zarar rana ta ɗaga ta dumama tudun arewa, sai iska mai ƙarfi ta taso daga kudu ta kwararo cikin kwarin, kuma kafin azahar ta kai matsayin da sauka ke zama ganganci. Matuƙan kuma da ido suke bin hanyar, saboda haka idan gajimare ya rufe kwarin ba a tashi, abin da ke yawan faruwa a damina, daga Yuni zuwa Satumba. Ina jan hankalinka a nan da gaske, domin an yi asarar rayuka a wannan hanya: a Fabrairun 2016 jirgi ya faɗi da mutum 23, a Mayun 2022 kuma wani ya faɗi da mutum 22, duka har da ma'aikatan jirgin, babu wanda ya tsira. Idan aka soke tashinku, kada ranka ya ɓaci, an yi ne don a tsare rayukanku.

Shawarata ita ce ka nemi jirgin farko na safiya, ka zaɓi Oktoba ko Nuwamba lokacin da sararin sama ya fi washewa, kuma ka bar kwana ɗaya ko biyu tsakanin dawowarka Pokhara da tafiyarka ta gaba. Allah Ya kai ka lafiya, Ya dawo da kai lafiya.