Alkama ko dawa, magi ko daddawa: amsoshin wasiƙunku

Tambaya: Anti, barka da aiki. Likita ya tabbatar wa maigidana ciwon suga. Tun ranar maƙwabta suke cewa in daina yi masa tuwon dawa, in koma garin alkama na leda. Surukata kuma ta dage sai acha. Alkamar ta fi dawar da muke da ita tsada nesa ba kusa ba, acha kuwa sai an aiko mana daga Jos. Wanne zan saya? Uwargida daga Zariya.

Amsa: Allah ya ba maigida lafiya, 'yar'uwa. Kada ki sayar da dawarki don ki sayi alkama. Alkama, dawa, gero, masara, shinkafa da acha duk hatsi ne, mafi yawan abin da ke cikinsu sitaci ne, kuma ciki na narkar da shi ya koma suga a jini. Garin alkamar da aka niƙa ya yi lilis yana ɗaga suga kusan yadda tuwon masara yake yi. Mutane da yawa sun ɗauke ta magani, suka koma cin malmala uku inda da biyu suke ci, awon suga ya ƙi sauka, daga nan aka fara zargin sammu.

A ƙasar Hausa alkama da can abincin masu hali ce, ta alkaki da finkaso da gurasa, ba ta tuwon dare ba. Da ciwon suga ya yawaita a birane, sai aka ji masana na cewa hatsin da ba a cire wa dusa ba ya fi amfani, misalin da ke cikin littattafan Turawa kuwa alkama ce, tunda ita ce hatsinsu. 'Yan kasuwa suka ƙulla ta a leda suka ɗora mata kuɗi. Maganar masanan gaskiya ce, amma a kan dusa take. Mu ko sai mu kai dawa inji a surfe ta tas, mu bakace, mu zuba wa awaki dusar, sannan mu ɗauki kuɗi mu sayo alkama wai don tana da dusa.

Ki wanke dawarki ki shanya, a niƙa miki ba surfe, ko a yi mata surfe sama-sama. Tuwon zai yi duhu, yara za su yi ƙorafi, su saba. Ki riƙa niƙa kaɗan-kaɗan, domin gari mai dusa ba ya jimirin ajiya, yakan yi ɗaci. Abin da aka ɓarza, irin burabusko da dambu, ya fi wanda aka niƙa da laushi jinkirin narkewa. Malmala ɗaya madaidaiciya ta isa, sai a cika kwanon da miya: kuka, kuɓewa, zogale, rama, alayyafo, ga wake, ga kifi in ya samu. Acha ba laifi, musamman fate mai ganye da yawa, amma ita ma in aka cika ciki da ita awo zai nuna. Abin da ya kamata ya bar gidan gaba ɗaya shi ne lemon kwalba, da shayi mai kauri da madarar gwangwani, da sugan da ake antaya wa kunu da fura. Zuma ma suga ce, komai tsarkinta.

Kuɗin alkamar nan ki tara ki sayi na'urar awon suga ta gida. Kafin ki biya, ki tambayi farashin tsinken awonta, ki kuma tabbatar ana samunsa a kemis ɗin kusa da ku, don shi ne ke cin kuɗi, na'urar sau ɗaya ake saye. Ya auna kafin cin abinci, ya sake bayan awa biyu, a rubuta a littafi a kai wa likita. Tuwon da ya karɓe shi, littafin zai nuna. Magani kuma ba a ajiye shi don an canza tuwo.

In maƙwabta suka ce kin mayar da maigida kan abincin talauci, ki gaya musu Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware shekarar 2023 sukutum don gero da danginsa, har da dawa da acha.

Tambaya: Anti, uwar mijina ta hana ni sa magi a girki, ta ce daddawa kawai. Farin magi kuwa ta ce har tabon tufafi yake fitarwa, ina ga hanjin mutum. Shi kuma maigidan in ba magi sai ya ture kwano. Amarya daga Maraɗi.

Amsa: Ƙanwata, Inna tana da rabin gaskiya, sai dai ba a inda take zato ba. Farin magi wani masani ɗan Japan, Kikunae Ikeda, ya fara tace shi a 1908 daga ciyawar teku da suke romo da ita. Yau da rake ko rogo ake yin sa, ta hanyar ruɓarwa. Sinadarin da ke ba shi ɗanɗano shi ne dai ke cikin tumatir da busasshen kifi, da ita kanta daddawar: in aka dafa ƙalwa aka rufe ta kwana biyu ko uku ta ruɓa, abin da ke fitowa ke nan. Hukumomin kula da abinci sun yarda da shi a gwargwadon da ake sawa a miya. Batun wankin kaya kuwa, ai lemon tsami ma yana fitar da tabo.

Laifin ɗunƙulen magi gishiri ne. Kusan rabinsa gishiri ne zalla, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba kada ya kai giram 5 na gishiri a yini, wato kamar ƙaramin cokalin shayi ɗaya, a haɗa duk abin da ya ci tun safe. Yanzu duba tukunyar gidajenmu: magi huɗu, farin magi, gishiri, kanwa, sannan ga yaji a gefe shi ma da nasa magin. Wannan tarin ne ke ciyar da hawan jini.

Ki sayi daddawa mai kyau, busasshiya, wadda ba ta yi fumfuna ba, ki daka ta da albasa da citta da tafarnuwa. Ki rage magin da ɗaiɗai ba tare da sanarwa ba, in kin sa shi kuma ki ɗanɗana kafin ki kai hannu ga gishiri. Harshe na sabawa cikin 'yan makonni. Inna za ta ji ƙamshin daddawarta tun daga zaure, maigida kuma ba zai san ranar da aka koma ɗunƙule ɗaya ba.

Tambaya: 'Yata, shekaru da dama da suka wuce likita ya hana ni ƙwai da man shanu, ya ce in koma bota ta gwangwani. Yanzu ɗana ya ce an gano botar ce matsala, ƙwai kuma lafiya lau. Wai su likitocin nan wasa suke da mu? Dattijo daga Kano.

Amsa: Ranka ya daɗe, Baba, likitanka ya faɗi abin da aka sani a lokacin ne. A 1968 ƙungiyar likitocin zuciya ta Amurka ta ce kada a wuce ƙwai uku a mako saboda kitsen kolestarol da ke cikin gwaiduwa, duniya ta ɗauka. Daga baya aka gane cewa mafi yawan kolestarol ɗin da ke jini hanta ce ke yin sa, na cikin ƙwai bai cika ɗaga shi ba ga yawancin mutane. A 2015 Amurka ta cire iyakar miligiram 300 a yini da ta gindaya. Ƙwai ɗaya dafaffe a rana ba abin tsoro ba ne, sai in kana da ciwon zuciya ko suga, nan kam likitanka zai yanke maka. A ba jikoki ma. Maganar cewa ƙwai na koya wa yaro sata dabarar manya ce ta hana su taɓa na zabi.

Bota ta da, man tsirrai ne da aka daskarar a masana'anta, daskarwar kuma ta haifar da wani kitse da ya fi na man shanu illa ga jijiyoyin zuciya. Denmark ta fara taƙaita shi a 2003, Najeriya ta fitar da tata dokar a 2023, kamfanoni da dama sun canza haɗinsu. Wannan bai wanke man shanu ba. Cokali ɗaya a kan tuwo don ƙamshi, to. A yi wa shinkafa wanka da shi, a'a. Na girki, man gyaɗa ya wadatar, manja kuma kada a ƙona shi har ya yi fari, jan nan shi ne amfaninsa ga ido. In na jarka za a saya, a duba lambar NAFDAC da tambarin ido mai nuna an ƙara bitamin A. Wanda za ka guje wa shi ne man suyar da aka yi ta maimaitawa har ya yi baƙi.

Tambaya: Anti, an tallata mini ƙwayoyin zogale na waje a roba, wai suna maganin cuta arba'in. In saya? Ɗaliba daga Sakkwato.

Amsa: A'a. Garin ganyen ne aka ɗura a kwanso, kuma abin da ke cikin ƙwaya biyu bai kai loma ɗaya ta kwaɗo ba. Zogale ganye ne mai gina jiki, ba ya maye gurbin maganin asibiti. Ki sayi dafaffe a bakin makaranta, a sa miki ƙuli da tumatir da albasa. In na ajiya kike so, ki shanya ɗanyen a inuwa, ki daka, ki rufe a kwalba.