Kada ka fara da kusar kan akwatin sitiyari

Ɗana, jiya da yamma ka yi mini tambaya kan tsohuwar Land Cruiser ɗin nan da aka kawo daga Dukku, wadda direbanta ya ce sai ya yi ta murza sitiyari hagu da dama kafin taya ta amsa. Ka ce, "Oga, me zai hana mu ɗaure kusar kan akwatin sitiyari mu sallame shi?" Lokacin hannuna na cikin injin wata motar, shi ya sa na ce ka bari sai yau.

Kusar nan, wadda ake matse haƙoran cikin akwatin da ita, ita ce abu na ƙarshe da za ka taɓa. Tsakanin hannun direba da taya akwai gaɓoɓi da yawa: sandar sitiyari da joyin ɗinta, akwatin kansa, hannun fitman da ke ƙasansa, doguwar sandar da ke jan taya, kawunan tayarod, wato sandar da ke haɗa tayoyin gaba biyu, sannan boris. Kowace gaɓa in ta ci kaɗan, a hannun direba ake tara lissafin. Motar da ta shekara ashirin tana shan gargada da yashi a hanyoyin ƙauye, da wuya ka samu ciwonta wuri ɗaya ne.

Fara da awo. Tsayar da ita a wuri mai daidai, tayoyi a miƙe, in mai fawa sitiyari ce, wato inji ke sauƙaƙa murza shi, ka ta da inji. Sa alli a bakin sitiyari, ka motsa shi da yatsa har taya ta fara motsi. Irin waɗannan motocin Toyota, abin da aka yarda da shi bai wuce milimita 30 zuwa 40 ba, wato faɗin yatsu biyu. Ta jiya ta kusa tafin hannu.

Sai ka sa wani yaro ya zauna yana kaɗa sitiyarin a hankali, kai kuma ka kwanta ƙarƙashi. Kada ka ɗaga ta a jak tukuna. Nauyin motar ne ke riƙe taya har gaɓar da ta saki ta tona kanta. Kama kowane kan tayarod da tafin hannunka. Lafiyayye yana tafiya tare da sandarsa kamar abu ɗaya, wanda ya mutu kuwa za ka ji ƙwas-ƙwas a cikin hannunka tun ido bai gani ba, kuma yawanci robarsa ta yage, giris ya gauraye da ƙasa ya zama kamar yashin goge tukunya. Daga nan ɗaga kai ka kalli akwatin. In shi kansa yana motsi a jikin shasi, to notuna sun kwance ko ƙarfen ya tsage. Nemi jar ƙura mai kama da garin tsatsa a gefen noti, ita ce shaidar ƙarfe yana gugar ƙarfe. Mutane da yawa ba sa duba nan, alhali nan ne ya fi ba ni tsoro.

Yanzu ka sa jak da abin tokara. Riƙe taya sama da ƙasa ka girgiza. In tana rawa, a taka maka birki ka sake. Ta daina? Boris ɗin taya ne. Ba ta daina ba? Boris ɗin gwiwa ne, waɗanda taya ke juyawa a kansu.

In ka canza kan tayarod, ƙirga zagaye nawa ka kwance tsohon, ka tuna ɗaya gefen zarensa na hagu ne, ka sa sabon fin a noti, ba ƙusa ko waya ba. Bayan haka a kai ta alaimen, wato saitin tayoyi.

Sai duk wannan ya ƙare, ka ga sanda tana juyawa ta shiga akwati amma fitman yana tsaye, sannan ka ɗauko sifana da sukudireba. Sitiyari a tsakiya cif. Sassauta notin da ke kulle kusar, riƙe kusar, juya ta kaɗan, ko kwatar zagaye kada ta kai, ɗaure, ka murza sitiyari daga ƙarshe zuwa ƙarshe kana saurare da hannunka. Dalilin takatsantsan ɗin shi ne haƙoran cikin akwatin a tsakiya suka fi ci, don nan mota ke wuni. In ka matse har tsakiyar ta cika, gefunan da ba su ci ba sai su cije. An taɓa kawo mana wata Hilux daga wani gareji da aka yi mata haka. Direban ya sha kwana a hanyar Kaltungo, ya saki sitiyari ya dawo da kansa kamar yadda ya saba, ya ƙi dawowa. Allah ne ya tsare, da mutum takwas a baya.

Don haka bayan ɗauri ka fita gwaji, ka sha kwana ka ga ko sitiyari yana komowa. In ka ɗaure sau biyu wasan yana nan, ko ya fara cijewa, akwatin ya gama aiki, ka gaya wa mai mota gaskiya a buɗe shi ko a nemo wani.

Gobe da safe kai za ka shiga ƙarƙashinta, ni zan riƙe sitiyarin. Ka zo da alli da tocila.