Amsa ga mai neman gem ɗin tseren mota na kaset mai launin ɗorawa

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Na ga tambayarka tun da hantsi, na bari sai da na taso daga aiki don amsar ba ta layi biyu ba ce. Ka ce kana neman sunan wani gem na tseren mota da kuke bugawa kuna yara a talabijin, wanda ake hango motar ta baya, akwai LOW da HI a saman allo, kuma da ka taɓa wata motar sai taka ta tarwatse. Ka ƙara da cewa ka ga wani kaset na Game Boy, 'yar na'urar wasan hannu ta kamfanin Nintendo, mai irin sunan da kake zargi, kana son sanin ko shi ne, don ka saya wa yaranka.

Sunansa F-1 Race. Wasu a nan sun ce maka Road Fighter ne, kuma ban ga laifinsu ba, don kusan duk kaset ɗin da ke ɗauke da ɗaya yana ɗauke da ɗayan. Amma Road Fighter na kamfanin Konami ta sama ake kallonsa, kamar kana kan bene kana hango titi, motarka ja ce ƙarama, kuma mai ne ke ƙare maka. Tunda ka ambaci giya biyu da hango mota ta baya, babu tantama F-1 Race ne.

Sai dai kada ka yi saurin tura kuɗi a kan na Game Boy ɗin. Suna ɗaya ne, kamfani ɗaya ne, amma wasanni biyu ne daban, kuma wanda ke ranka ba shi ne wancan ba.

Wanda muka buga a talabijin Nintendo ce ta fitar da shi a Japan a watan Nuwamba na 1984, a kan na'urarta Famicom wadda ta fito a 1983. Abin da zai ba ka mamaki shi ne, ba a taɓa sayar da shi a hukumance a Amurka ko Turai a kan NES, wato samfurin Famicom da aka yi wa ƙasashen, ba. Yaron da ya tashi a Landan ko Niyok da na'urar asali bai san shi ba, mu da muka tashi da jabun na'urorin da ake kwaikwayo a Taiwan da Chaina mu muka san shi kamar yunwar cikinmu. Dalilin mai sauƙi ne. Na'urorin da suka shigo kasuwanninmu Famicom ta Japan suka kwaikwaya, mai kaset ɗin ƙafa 60, ba NES mai ƙafa 72 ba. Masu haɗa kaset ɗin nan da ake rubuta wa 9999999 in 1 kuwa ƙananan wasannin farko suke so, waɗanda ba su da nauyi, don su cusa da yawa a ƙwaya ɗaya. F-1 Race na cikinsu. Kai ma ka tuna, a cikin miliyoyin nan da aka yi mana alkawari, in ka ƙirga da kyau ba su wuce goma zuwa ashirin ba, sauran duk maimaici ne da sabon suna.

Ni na fara buga shi ne a ɗakin wani yayanmu, ɗan wan babana. Talabijin ɗin baƙi da fari ce mai murɗawa, sai an zare wayar eriya an soka ta gem, sannan a yi ta murɗa tasha har hoto ya tsaya. Mu kusan bakwai a kan tabarma, hannu ɗaya tal ke aiki don wayar na biyun ta tsinke daga ciki. Dokar ɗakin ita ce wanda lokacinsa ya ƙare ya miƙa hannu ga na kusa da shi, ba gardama. Adaftar kuma in ta yi awa biyu sai ta yi zafin da ba ka iya riƙe ta, mu ɗora ta a kan siminti muna yi mata fifita da murfin kwali. In hoto ya hargitse a zare kaset a hura masa iska a mayar. Daga baya na gane hurawar ba ta gyara komai, zarewa da mayarwar ne ke sa ƙafafun su zauna daidai, damshin baki ma tsatsa yake jawowa. Amma je ka faɗa wa yaro ɗan shekara goma haka a wancan lokacin.

Na shafe wata da watanni ina buga shi ba daidai ba, kuma ina jin yawancinmu haka muka yi. Mun ɗauka tsere muke da motocin nan. A'a. Babu na ɗaya babu na biyu a F-1 Race na talabijin. Da agogo kake tsere. Ana ba ka lokaci ka kammala zagaye na farko, in ka iso a ƙara maka wani ka yi na biyu, in ka gama ka wuce hanya ta gaba. Motocin da kake gani ba abokan gasa ba ne, cikas ne kawai aka zuba maka a titi, ko ɗari ka wuce wasu za su ɓullo. Ranar da na fahimci haka wasana ya canja. Na daina jin haushin an sha gabana, na daina kutsawa tsakanin mota biyu don nuna bajinta. Karo ɗaya yana cin lokacin da ya fi na taka birki sau biyar, domin bayan motar ta fashe sai ka tashi daga tsaye cik, ka koma LOW, ka sake tara gudu daga farko, agogo kuma bai tsaya jiranka ba.

Maganar giya ita ce ta biyu. Da sama da ƙasa na maɓallin tuƙi da ke gefen hagu ake canja ta, maɓallin A totur, B birki. Yara da yawa sukan tashi a HI don ƙyuya, motar ta yi ta jan jiki kamar tsohuwar a-kori-kura da lodin siminti. Wasu kuma su manta a LOW, injin ya yi ta kuka gudu bai ƙaru ba. Da kunne ake canjawa. Ka tashi a LOW, ka saurari ƙarar tana hawa, da ta kai inda ta daina hawa ka jefa HI. Yayan namu har rufe ido yake yi a farkon tsere don ya nuna mana ba ya bukatar kallon maleji.

A kwana kuwa, mota mai gudu sosai tana zamewa waje, ka ji tayoyi na ƙara, in ba ka yi hankali ba ka daki turakun gefen titi, su ma fashewa ce. Abin da ya fi yi min aiki shi ne in koma cikin kwanar tun kafin ta iso, in ɗaga yatsa daga totur na ɗan lokaci kaɗan, ba tare da na taɓa birki ba. Birki sai in mota ta tare min cikin kwanar. Kuma ka haddace taswirar hanya, don hanyoyin goma ne kacal, an rarraba su a matakai uku na wahala, kowane mataki hanya biyar, wasu suna maimaituwa.

Akwai wani sirri da muka daɗe muna ɗauka ƙaryar yara ce. In ka iya riƙe totur ba karo ba birki har gudu ya wuce kilomita 416 a awa, motar tana shiga wani yanayi na turbo, ta yi ta hawa har 497, kuma ta daina zamewa a kwana. Da gaske ne, yana cikin wasan. Wahalar ita ce samun miƙaƙƙen titi da babu mota a gabanka har ka kai can. Sau ɗaya na gani da idona a ɗakin nan, wani maƙwabcinmu ne ya yi, muka tashi tsaye muna ihu, ƙafar wani ta ja wayar adafta, allo ya yi baƙi. Har yau in mun haɗu a ɗaurin aure sai an tayar da maganar wa ya ja wayar.

Bari in ɗan ratse, don abin yana burge ni. Famicom ba ta san wani abu wai shi zurfin hoto ba. Ƙwaƙwalwar aikinta kilobayit 2 ce, ko hoton da ka ɗauka da waya a yau ya ninka ta sau dubu. To yaya titi ke lanƙwasa? Talabijin ta da layi-layi take zana hoto daga sama zuwa ƙasa, da sauri ƙwarai. Sai mai rubuta wasan ya sa na'urar tana ɗan gusar da kowane layin titi zuwa dama ko hagu a daidai lokacin da ake zana shi, na nesa ya gusa da yawa, na kusa kaɗan. Idonka sai ya ga kwana, alhali hoton titi miƙaƙƙe ne aka karkatar. Wanda ya yi wannan aikin a kamfanin HAL Laboratory shi ne Satoru Iwata, wanda ya zama shugaban Nintendo a 2002 ya riƙe har rasuwarsa a 2015. Wato gem ɗin da muke hura wa iska a kan tabarma aikin hannun mutumin da ya jagoranci fitar da na'urar wasan Wii ne.

Yanzu na Game Boy. Ya fito a Japan a ƙarshen 1990, ya isa Amurka da Turai a 1991. Shi tsere ne na sosai, akwai matsayi, kuma a gasar Grand Prix ba ka wucewa gaba sai ka zo na ɗaya. Na biyu ma faɗuwa ce. Hanyoyi tara ne a ƙasashe daban-daban, ana farawa da Ostareliya, a bi ta Kanada, Amurka, Fotugal, Japan, Barazil, Tarayyar Sobiyet, Indiya, a ƙare a Masar. Kana zaɓen mota iri biyu, kuma akwai wani ƙarin gudu da ake kira jet wanda yake ƙarewa, sai ka yi tattalinsa. In ka ci tsere taurarin wasannin Nintendo su Mario da Link da Samus sukan fito su taya ka murna. Abin da ya sa ya yi suna shi ne an haɗa shi da wata 'yar na'ura da ke haɗa Game Boy huɗu da waya, mutum huɗu su yi tsere tare kowa da allonsa. A 1991 wannan babban abu ne. Amma lissafa: na'ura huɗu, kaset huɗu, wayoyi, batir goma sha shida. A unguwarmu Game Boy ɗaya na sani, na wani yaro da babansa ya dawo da ita daga tafiya, kuma sai ka yi masa aikin gida na lissafi kafin ya ba ka minti goma.

Na same shi da girmana, kuma gaskiya wasa ne mai kyau, ta wani fannin ma ya fi na talabijin zurfi. Sai dai yana da taurin kai, daga hanya ta uku zuwa sama kuskure ɗaya ya isa ya hana ka na ɗaya. Ga allon Game Boy na asali ƙarami, kore-kore, ba fitila a bayansa, abu mai gudu yana barin inuwa. Yaran da suka saba da hoton waya ba za su yi minti biyar a kai ba. Sannan kaset ɗin yana da ɗan batir a ciki mai riƙe inda ka tsaya, wanda bayan shekara talatin da ɗoriya yawanci ya mutu. Na taɓa sayen ɗaya a hannun wani mai sayar da kayan gwanjo ta intanet, ya rantse min lafiyarsa ƙalau, ya iso ba ya ajiye komai. Mai gyaran waya ya canja min batirin da dalma, bai ɗauki minti goma ba, amma ka sa wannan a lissafinka.

Shawarata, in don tuna baya ne da nuna wa yara, nemi ƙananan na'urorin hannun nan masu arha da ake rubuta wa 400 in 1. Kusan dukkansu Famicom ce aka matse a ciki, kuma da wuya ka rasa F-1 Race da Road Fighter a jerin. Ka sa mai shago ya kunna maka ka gani kafin ka biya, ka kuma danna maɓallin hagu da dama sosai, don nan ne suke fara lalacewa, wasan tsere kuwa ba ya yiwuwa da maɓalli mai maƙalewa. Wadda ke da wayar haɗawa da talabijin ta fi, yara su zauna su kalla tare.

In kuma a kwamfuta za ka buga ta manhajar kwaikwayo irin su Mesen ko FCEUX, ga abin da zai faru da kai, don ya faru da ni. Za ka ji wasan ya yi maka sauri, kwana na zuwa kafin ka shirya, ka fara cewa tsufa ne ya kama hannunka. Ba tsufa ba ne kaɗai. A wancan lokacin talabijin ɗin Japan tana sabunta hoto sau 60 a daƙiƙa, tamu ta tsarin PAL sau 50. Jabun na'urorin da aka kawo mana an daidaita su da 50, don haka duk wasannin da muka buga sun fi na asali nawa da kusan kashi ɗaya cikin shida, har kiɗan ma ya fi jan jiki. Manhajar kuma da gudun Japan take tashi. Ka shiga wurin saitin yanki ka zaɓi Dendy, sunan irin wannan jabun na'urar ce da ta yi tashe a Rasha, tsarinta ɗaya da namu. Da na canja, yatsana ya tuna inda ake ɗaga totur a kwanar farko ba tare da na yi tunani ba.

Ɗana na fari, mai shekara tara, ya gwada makon jiya. Ya tashi a HI, ya daki turke tun kafin kwana ta biyu, ya ajiye hannun ya ce wai motar ba ta da inganci. Ƙanwarsa ce ta ɗauka, na ce mata ta saurari injin kawai, ta kuma kammala zagayen farko da saura daƙiƙa huɗu.